Katin Bashi a Cikin Ƙanƙara

A ɗakin jira na wani gareji a birnin Detroit, Delfina tana ta huci. Dattijon da ke gefenta ya tambaye ta ko lafiya.

"Ina lafiya, Baba? An hana ni hayar gida, wai ba shaidar ina biyan bashi. Laifina ban taɓa ci ba."

"Ba ki da katin bashi?"

"Yana firij. Na daskarar da shi cikin ƙanƙara don kar in taɓa shi, yadda uwata ta koya min."

"To ke kika cuci kanki, yarinya. Ki riƙa shan mai da shi, ki biya duk wata."

Ta harare shi. "Ubana ma da shan mai da katin ya fara. Ƙarshe a motar muka koma kwana."