Daƙuwar Maƙwabciyata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Hajiya Rabi ce daga Levenshulme, Manchester.

Ɗana likita ne ya kawo ni nan. Da safe kowa ya watse, sai ni da taga. Ranar farko wata tsohuwar Baturiya, maƙwabciyarmu, ta hango ni ta watso mini yatsu biyar. Daƙuwa, da furfurata! Ɗana ya yi dariya ya ce, "Mama, gaisuwarsu ke nan."

Wallahi yanzu daƙuwar nan nake jira kullum, don daga ita ba mai gaishe ni sai magariba. Amma hannuna ya ƙi buɗewa in mayar mata. Jiya ta wuce ba ta ɗago hannu ba. Jama'a, ya zan yi?