Tsohon Coci Mai Jan Rufi

A tashar jirgin ƙasa ta Cheras, a ƙasar Malesiya, wata dattijuwa ta tare wani ɗalibi da ta ji yana waya da Hausa.

"Ɗana, ina tsohon coci mai jan rufi? Yau ake yi wa jikata baftisma."

"Wanne, Mama? Akwai na filin Merdeka, akwai na kan tudu."

"Mai tagogin gilashi kala-kala. Wai wani Bature ne ya gina shi da matarsa ta rasu."

"Ban taɓa ji ba. Uwar jaririn 'yarki ce? Katolika ce?"

"'Yata ce. Da dai ECWA muke. Yanzu ban sani ba."

"To, ki kira ta mana."

"Ba ta san na zo ba. A wayar maƙwabciyata na ga hoton cocin."

"Kawo jakar, Mama. Mu fara da na kusa."