Rabi Tana Jiran Muryar Babanta a Kaset

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hauwa daga Suleja, kuma ina cikin takaba.

'Yarmu Rabi tana karatun lauya a jami'a. Bara aka zaɓe ta cikin ɗaliban da za su yi shekara guda a Ingila, na can su ma su zo nan. Babanta masinja ne a wata kotu a Abuja, yakan ɗaukar wa lauyoyi jaka. Ranar tafiyarta ya ce mata, "Uwata, ki dawo in ɗauki taki."

Watan jiya Allah ya yi masa rasuwa. Baffanta ya ce kada kowa ya gaya mata sai ta gama jarrabawa, don in ta ji za ta taho, gurbin karatun kuma ya tafi ke nan.

To, mu kaset muke aika wa juna. Nata ya iso shekaranjiya. Tana dariya tana cewa, "Baba, wancan karon Inna ta cinye kaset da surutu. Wannan karon kai za ka fara."

Ranar Juma'a wanda ya kawo kaset ɗin zai zo karɓar amsa, don zai koma can. Na sa kaset a rikoda, na danna, kuka kawai ya ɗauka. In na ce babanta ya yi tafiya, na yi mata ƙarya. In na faɗi gaskiya, na rushe abin da ya rasu yana jira.

Malam, me zan ce wa yarinyar nan? Jama'a, ku ba ni shawara, ku sa babanta a addu'a.