Ranar da Ɗana Ya Hana Ni Riƙe Tiyo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barkanka da aiki, kai da masu sauraro. Ni ne Malam Garba, tsohon direba daga Tudun Kaya.

Shekara talatin ina jan a-kori-kura. In ta yi datti sai in gangara da ita rafi, in buɗe bonet in sheƙa mata bokiti, ta yi tari biyu ta tashi. To, makon jiya ƙanena ya ba ni aron motarsa ta zamani na je gaisuwa Rogo Ruma, taɓo ya shiga har inji. Ba a mayar da kayan aro a haka, sai na kai ta wurin wankin motar ɗana Sani a Karaye.

Na ɗauki tiyo zan feshe injin, sai ya riƙe hannuna. "Baba, wannan tana da ƙwaƙwalwa, wato na'urar da ke sarrafa injin. In ruwa ya shige ta, sai dai a ja ta zuwa Kano."

Na ce, "Kai, tun ba a haife ka ba nake wanke mota!"

Ya ce, "Allah ya ƙara girma, ai irin taku ko a rijiya ta kwana za ta tashi."

Ya bari injin ya huce, ya cire kan batir, ya naɗe ƙwaƙwalwar da akwatin fis da leda. Ya bi da buroshi da jiƙaƙƙen tsumma, sannan ya busar da iska. Taɓawa ɗaya ta tashi, na mayar wa ƙanena amanarsa lafiya lau.

Direbobi, a daina feshin inji da ka. Ina gaida 'yan tashar Karaye, kuma duk mai tambaya, wancan mai wankin ɗana ne na cikina.