Akwatunan Katin Baba Cornelius

Rabaran da fastocinmu, dattawan ikilisiya, zumuntar mata, Malam Sallau da sauran maƙwabta Musulmi da suka zo daga Hammadu Kafi, Mama Jummy matar marigayi da 'ya'ya da jikoki, ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji. Sannunmu da rashi.

Ni ne Dennis, sakataren wannan majami'a ta Manawashi. An ce in yi magana a madadinmu duka. Wallahi da an bar ni, da na zauna a bencin baya na yi shiru.

Baba Cornelius ya kasance malamin firamare shekara talatin da biyar, rabin waɗanda ke zaune a nan shi ya koya musu riƙe fensir. Ya kasance dattijon da ba a rufe ƙofarsa. Ya kasance kuma mai akwatunan kati, wannan kuwa kowa ya sani. Kwalin sabulu yake yankawa, ya rubuta aya daga Littafi Mai Tsarki, ya jera. Ba bisa kalma yake jerawa ba, bisa damuwa: gobara, ɓari, rashin aiki, ɗan da ya bar gida. A bayan kowane kati yakan rubuta sunan wanda ya karanta wa, da ranar. Ranar da shagon Ngozika ya ƙone, kafin toka ta huce Baba ya iso da katinsa a aljihu.

Shekara uku da suka wuce aka ba mu kwamfuta, aka kafa kwamiti ya zaɓi manhajar neman ayoyi. Ni aka ba shugabanci. Biyu aka kawo mana. Ɗaya tana da Hausa, da wurin da mutum zai ƙara nasa bayani. Ɗayar kuma Turanci ce, da Helenanci da Ibrananci da taswirori masu launi. Mu kuwa ido ya rufe. Helenancin da ko ɗayanmu bai iya karantawa!

Ranar zaman kwamitin ba mu gayyaci Baba ba, shi ya zo da kansa da sandarsa. Ya ce, "Dennis, ɗana, ku ɗauki mai Hausar, in zauna in zuba katunana a ciki kafin idona ya tafi. In mace ta shigo tana kuka, ba ta san kalmar ba, me za ku buga?"

Muka yi dariya. Ni na ce, "Haba Baba, ai zamanin kwali ya wuce." Da bakina na faɗa. Muka zaɓi ta Turancin. Da aka rasa inda za a sa teburin kwamfutar a majami'a, ni na ce a kwashe akwatunansa a kai ɗakin ajiya na baya. Ya ci gaba da zuwa sujada, yana gaishe ni kamar ba abin da ya faru.

Mama, yanzu na zo kanki. Kwana uku da jana'iza kika kira ni, kika ce in nemo miki ayar da Baba ya karanta miki ranar da kuka binne 'yarku Safiyyatu, don a karanta ta yau. Kin ce ba ki tuna sura ba, kin dai tuna akwai hannu a ciki, akwai kuma safiya. Na ce wannan ai minti biyu ne. Na juya kalmominki zuwa Turanci na buga, ayoyi suka zubo ɗaruruwa. Na kawo miki goma sha biyu, kowacce kika girgiza kai.

Sai na nufi ɗakin ajiya. Jama'a, gara ta shiga. Akwati bakwai, aikin shekara arba'in, na sa hannu sai ƙasa. Layin da ya rubuta wa "mutuwar ɗa" babu ko kati ɗaya da ya rage.

Mama, ban samo ayarki ba. Ba kwamfuta ce ta ɓatar da ita ba, ba gara ba ce, mu ne, ni ne a gaba. Ki yafe mana.

Kati ashirin da shida suka tsira. Ga ɗaya a hannuna. A samansa an rubuta "wanda 'yan'uwa suka ajiye gefe". A baya sunaye biyar ne, na ƙarshen da ranar zaman kwamitinmu. Sunan kuwa, Cornelius. Wanda ya yi shekara arba'in yana kai wa mutane aya, a ranar shi ya karanta wa kansa, don babu wanda ya je.

Ina roƙonku, duk wanda Baba ya taɓa karanta wa aya, ya tsaya bayan addu'a ya faɗa mana ita. Mun ajiye kwali da biro a bakin ƙofa. Wanda kuma ya halarci jana'izar Safiyyatu, don Allah ya fara zuwa wurin Mama.

Mun gode da zuwanku. Ubangiji ya ba Baba hutawa a wurinsa, ya riƙe Mama da iyalinta, ya gafarta mana dariyar da muka yi. Ya sa a cikin taron nan akwai mai tuna ayar nan. Amin.