An Sa Hoton Baba a Fesbuk

Haliru: Salamu alaikum. Alo, Turai?

Turai: Wa alaikumus salam. Wa na na?

Haliru: Yayanki Haliru na, daga Aba.

Turai: La, Yaya! Ina wuni? Ƙaramar waya ta a hannuna, babu sunan kowa ciki.

Haliru: Lahiya lau. Ya Goronyo? Ya maigidan naki?

Turai: Lahiya lau, Sa'adu ya hita tun da sahe. Ya kasuwa? Albasa ta yi daraja?

Haliru: Da godiya. Ya jikin naki?

Turai: Da sauƙi. Nauyi dai, sai ƙahwahu da sunka kumbura. Wata ya kama, yau ko gobe mu kai.

Haliru: Allah shi sauke ki lahiya. Ya mutanen gida?

Turai: Duk lahiya.

Haliru: Gidanmu nika nuhi. Tursa.

Turai: Lahiya lau su ma.

Haliru: Turai, ni ba yaro ba na. Na san yadda aka yi. Wanda ke nesa ba a hwaɗa mai ta waya, sai a ce jiki ya yi tsanani, shi taho gida. Ni ma na yi ma wasu haka. Amma ke, ciki ɗaya munka hito, ki bar ɓoye min.

Turai: In ɓoye ma mi? Ɗaga murya, sabis na yankewa.

Haliru: Cewa nay yi na gani! Ina zaune bisa buhun albasa na buɗe Fesbuk, sai ga abin da Bilyaminu na Kawu Lawwali yas sa.

Turai: Bilyaminu! Ai wannan ko hura za ya sha sai ya ɗauke ta hoto duniya ta gani. Ranar nan jakin maƙwabta yas sa, wai a yaba.

Haliru: Ba jaki ba na. Hoton ran Salla na, da hwarar rigar nan da nis sawo mai. Mutane na ta rubuta Allah shi jiƙan Malam Mode. Har da bidiyo, ana hita da makara! Mutanen da ba su taɓa gaisawa da shi ba sun riga ni sani. Wani abokin cinikina nan Aba shi yah hwara yi min gaisuwa. Raina ya ɓaci, Turai, wallahi ya ɓaci.

Turai: Wane Malam Mode?

Haliru: Haba Turai, har yanzu?

Turai: Masu sunan nan na da yawa Tursa. Wane?

Haliru: Ke ba ki...

Turai: Shekaranjiya munka yi waya da Baba. Yac ce ya ɗaure ragon suna bayan rumbu, har shina yi min tsiya wai in yi sauri kahin rago shi cinye mai harawa.

Haliru: Innalillahi. Turai, ba a hwaɗa maki ba?

Turai: Sa'adu ya karɓe babbar wayata da sahe, wai za ya kai caji. Alhali cike take.

Haliru: Tsaya, saurara...

Turai: Goggo uwarshi tun hantsi tana ɗakina zaune, ta hana ni ko hura wuta. Maƙwabta na shigowa, su gaishe ni, su duƙar da kai, su hita. Nac ce yau mi ya same su? Ashe garin ga duka sun gani cikin waya, ni kaɗai anka bari ina dariya.

Haliru: Don nauyin da ke jikinki na sunka yi haka. Ni na ɗauka ke ka ɓoye min. Turai, wataƙila ma ƙarya ta. Kin san Fesbuk, kullum sai sun kashe mai rai.

Turai: Kac ce ka ga makara.

Haliru: Ban duba da kyau ba.

Turai: Ta wace ƙohwa anka hito da ita?

Haliru: Turai...

Turai: Zauren gidanmu na?

Haliru: Shi na.

Turai: Har an kai shi? Ban gan shi ba, Yaya! Bilyaminu ya nuna ma duniya, ni ɗiyarshi ban gan shi ba!

Haliru: Ki yi salati. Zaune kike ko tsaye? Goggo na kusa?

Turai: Ta zaga bayan ɗaki. Ga mashin ya tsaya ƙohwar gida. Muryar Kawu Lawwali ta, shina sallama. Ya taho shi hwaɗa min a hankali.

Haliru: Ki zamna ki jira shi, kar ki tashi.

Turai: Yaya, marata. Wayyo, marata ta ɗaure.

Haliru: Kira Goggo! Ba Kawu wayar ga! Katina na ƙarewa, Turai, kina jina? Ki ce musu ni na nih hwaɗa, ban sani ba, wallahi ban...