Ranar da Aka Auna Ƙashina

Salama gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ce Rifkatu, daga wani ƙauye bayan Gezawa. Ku yi haƙuri da ni, ban iya gajerta magana ba.

Innata ta zame tana saukowa daga rumbu, ƙugunta ya karye. Ba ta sake taka ƙasa ba. Shekara biyu ina juya ta a tabarma har Ubangiji ya ɗauke ta.

Sai ga shekarun nan na tsada. Muka sayar da awaki, nono ya zama sai labari. Ni kuwa taurin kai! Damin gero a kafaɗa, yadda matan gidanmu suka saba. Rannan na dafa bakin rijiya, wuyan hannuna ya ce ƙas. Mai ɗori ya ɗaure shi da kara. Damina ta zagayo, tari kawai na yi, haƙarƙari ya tsage. Na ce jifa aka yi mini. Ba zan ɓoye muku ba, har laya na binne a ƙofar ɗaki, ni mai ba da waƙa a zumuntar mata. Kaico!

'Yata Saratu ta haihu. Na juya baya zan goya jikata, sai ta ce, "Inna, tsoro nake kada ki karye da ita."

Na zagaya bayan rumbu na durƙusa ina kuka. Na ce, "Ya Yesu, kada in yi irin kwanciyar Innata. Nuna mini abin da ke cina."

Saratu ta matsa sai da muka je wani asibiti a birni. Aka kwantar da ni, wata na'ura tana wucewa ta samana a hankali, ba allura, ba zafi. Jikina ya yi sakayau. Idona biyu fa, na ga Innata tana tafiya cikin gonar gero, a miƙe, iska na kaɗa zanenta. Ta waiwayo ta yi mini murmushi, ta wuce.

Likitar ta ce, "Mama, ba jifa ba ne. Mun auna ƙarfin ƙashinki, cikinsa ya zama kamar itacen da gara ta ci. Da ba mu gani yanzu ba, ƙugu ne zai biyo baya."

Ta ba ni magani, ta ce in nemi nono, zogale da ƙananan kifi, in sha hantsi. Hawa rumbu da ɗaukar dami kuwa, ta ce na yi sallama da su. Na yi mita, amma na bi. Layar ma na tone ta na ƙona.

Bana aka sake aunawa, likita ta ce ƙashin ya ƙara ƙwari. Haleluya! Na gode wa Ubangiji!

'Yan'uwana mata, ku dogara gare shi, ku je a auna ku tun ba ku faɗi ba. Waccan jikar ta wuce goyo, ban samu na goya ta ba. Amma an yi mata ƙanwa, kuma Saratu da hannunta ta ɗora mini ita yau da safe. Ga ta nan a bayana tana barci, don Allah ku tafa a hankali.